Yadda Ake Tsara Ɗakin Sanyi na Ajiyar Kayan Gwari a Cikin Gida

Duk wanda ya taɓa sayen babban kwandon tumatir a watan Fabrairu, lokacin da na Kadawa da Kura ya cika kasuwa har ana roƙon mai saye, ya san abin da ke biyo baya. Kafin kwana huɗu na ƙasan kwandon ya fashe, ruwa na tsiyaya, ƙuda ya taru. Babban gida mai yawan baki, da mai sayar da abinci da ke girki a gida, da mai lambun da ba ya son ya zubar da kayansa a kan kowane farashi, dukkansu za su amfana da ɗan ɗaki guda mai sanyi tsayayye: digiri 12 zuwa 13, da laima kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari. Kusan wannan sanyin ne Turawa ke nema a ɗakunan da suke ajiye kwalaben ruwan inabi, kuma ƙa'idojin ginin iri ɗaya ne, sai dai su laimar kashi 60 zuwa 70 ta ishe su.

Mutane da yawa sukan fara da tambayar wace na'ura za a saya, alhali ita ce abu na ƙarshe. Ɗakin sanyi a jikin bango yake gyaruwa ko ya lalace, don haka nan za mu fi tsayawa.

Abin da zai shiga ɗakin

Kayan da ke fitowa a ƙasa mai zafi ba sa jure sanyin firij. Tumatir da bai gama nuna ba yana son digiri 12 zuwa 15; in aka sa shi ƙasa da 10 na kwanaki, sai ya ƙi yin ja sosai, ɗanɗanonsa ya tafi, ya fara ruɓa da zarar an fito da shi. Ayaba da mangwaro 13 suke so, ƙasa da haka fatar ayaba ta yi baƙi. Kokwamba da yalo da gauta 10 zuwa 12, kankana 10 zuwa 15, dankalin Hausa 13 zuwa 15, ɗanyar citta 13. Tattasai da attaruhu da kuɓewa sun fi jin daɗin 7 zuwa 10, amma za su yi mako ɗaya zuwa biyu lafiya a 12. Doya ita ce mai tsoron sanyi fiye da kowa: 15 zuwa 16 take so, kuma ƙasa da 12 cikinta yakan canza launi ya lalace. In doya ce mafi yawan kayanka, ka saita ɗakin a 15.

Albasa da tafarnuwa ba su da wurin zama a nan. Sanyi matsakaici da laima su ne daidai abin da ke sa albasa tsiro da fitar da saiwa. Rumfa mai iska da bushewa ta fi mata. Haka hatsi, gari, busasshen barkono da dabino, laima za ta sa su fumfuna. Karas da kabeji da latas kusan sifili suke so, a nan kwanaki kaɗan kawai za su ƙara.

Nama, kifi, madara, kunun aya, dafaffen abinci da magungunan da aka ce a sa a firij, kada ɗayansu ya kwana a wannan ɗaki. Ƙwayoyin cuta suna hayayyafa sosai a digiri 13. Waɗannan na firij ne, ƙasa da digiri 5.

Wuri, da maganar haƙa rami

Wanda ya ga hotunan ɗakunan ƙarƙashin ƙasa na Faransa yakan ɗauka rami shi ne maganin. Dalilin sanyinsu shi ne, in aka nutsa mita kaɗan, zafin ƙasa yana tsayawa kusa da matsakaicin zafin iskar wurin na shekara. A yankin Reims, inda aka sassaƙa manyan kogunan ajiya a cikin farin dutsen alli, wannan ya kama digiri 10 zuwa 12, ba tare da wata na'ura ba. A Kano matsakaicin shekara ya kai wajen 26, a Sakkwato da Maiduguri ya ɗara haka, Jos ce ma ke da sauƙi da wajen 22. Ke nan ramin da aka haƙa a Kano zai ba da wajen digiri 27 ko 28. Ya fi digiri 40 na tsakar gida a watan Afrilu sauƙi, amma bai kai rabin hanya zuwa 12 ba, ga kuma ruwan damina da zai riƙa naso ta bango. A unguwannin da rijiya ke cika kusa da baki a watan Agusta, rami asarar kuɗi ne. Wannan lissafin kuma yana nuna wani abu da magina ke yawan tsallakewa: ƙasan ɗakin ma tana turo zafi, dole a tare ta kamar yadda za a tare bango.

A zaɓi ɗaki a tsakiyar gini, wanda wasu ɗakuna suka kewaye. In dole bango ɗaya ya kalli waje, kada ya zama na yamma, domin shi ke shan ranar la'asar ya riƙe zafin har tsakar dare. Na gabas ke bi masa. A nisanci murhu, ɗakin janareta da banɗaki mai yoyo. A kuma tabbata akwai inuwa mai iska da ba ta wuce mita 5 ba daga ɗakin, inda za a kafa injin waje na na'urar sanyi.

Girma da lissafin zafi

Mu ɗauki ɗakin da cikinsa, bayan an gama komai, zai zama faɗin mita 2, tsawon mita 2.5, tsayin mita 2.4. Wannan zai ɗauki kiret 32 na roba, fiye da kilo 600. Kada a yi ɗakin da ya fi buƙata girma da sunan gaba, kowane ƙarin bango ƙarin wuta ne kullum.

Bango huɗu murabba'in mita 21.6 ne, silin 5, ƙasa 5, jimla kusan 32. A rana mai zafi waje 40 ne, ciki 12, tazara 28. Bangon bulo mai inci 9 da filasta yana barin wajen wat 2 su ratsa kowane murabba'in mita a kan kowane digiri na tazara. Sai a ninka: 32 sau 2 sau 28, kusan wat 1,800 na zafi ke shigowa ba tsayawa. In aka lulluɓe ɗakin da abin tare zafi mai kyau, wat 2 ɗin nan yakan koma rubu'in wat, zafin da ke shigowa ya sauka zuwa wajen wat 225. Ninki takwas ke nan. Shi ya sa wanda ya manna esi, wato na'urar sanyaya ɗaki, a ɗakin bulo tsirara yake ganin na'urar tana gudu dare da rana, ɗakin bai taɓa sauka ƙasa da 20 ba.

Sai zafin da kayan ke shigowa da shi. Tumatir kusan duk ruwa ne. Sauko da kilo 200 daga digiri 32 zuwa 12 yana buƙatar a cire kusan kilowat-awa 4.5 na zafi, wato wajen wat 370 in ana so a gama cikin awa 12. A ƙara wat 100 zuwa 150 na buɗe ƙofa, fitila, fanka da numfashin kayan kansu. Jimla wajen wat 750 a rana mafi nauyi. Ka riƙe wannan adadi, da shi za a zaɓi na'ura.

Lulluɓe ɗakin

Hanya biyu ce. Ta farko, a sayi fanel irin na manyan ɗakunan sanyi na masu kifi da kaji: faranti biyu na ƙarfe da kumfar foliyuritan a tsakani, kaurin santimita 10. Yana haɗuwa da juna kamar harshe da baki, ƙarfen ya tare laima, ana wanke shi cikin sauƙi. Ya fi tsada, amma in aljihu zai ɗauka shi ya fi. Na hannu ma yana yi, muddin an ɗaga shi an ji bai yi nauyi ba. Fanel da ya yi nauyi fiye da 'yan'uwansa ya sha ruwa, ya tashi daga aiki.

Ta biyu, farin soso mai ƙwaya-ƙwaya, irin wanda ake samu a kwalin talabijin, wanda ake sayarwa allo-allo. Shi sai an yi santimita 15 kafin ya kamo fanel na 10. Saboda haka in da shi za a yi, bulon ɗakin ya zama mita 2.35 da 2.85 daga ciki, tsayi kuma a bar ƙarin santimita 35 na ƙasa da sama. A guji audugar gilashi, tsumma, katifa da garin katako. Duk abin da ke shan ruwa zai jiƙe cikin damina ɗaya, kuma jiƙaƙƙen abu ba ya tare zafi. Ɓuntun shinkafa busasshe yana tarewa in an yi masa kaurin santimita 30, amma gara da ɓera ba sa barinsa.

Yanzu ga wurin da aka fi yin kuskure. Iska mai zafi tana ɗauke da tururin ruwa, kuma tururin nan kullum daga ɓangaren zafi yake tafiya zuwa na sanyi. A watan Agusta, iskar da ke digiri 30 da laima kashi 75 tana zubar da raɓa a kan duk abin da sanyinsa ya kai digiri 25 ko ƙasa. A cikin kaurin sosonka akwai wurin da zafi ke sauka daga 30 zuwa 12, don haka in tururi ya samu hanya, a tsakiyar soson zai zama ruwa. Ba za ka gani ba sai bayan shekara ɗaya ko biyu, lokacin da fenti ya fara kumbura a ɗakin maƙwabta, ƙasan bango ya yi baƙi, kuɗin wuta ya hau. Maganinsa shingen laima, kuma wurinsa ɓangaren zafi ne, tsakanin bulo da soso. Wanda ya sa leda a fuskar ciki kaɗai ya yi wa ruwan tarko ne a cikin bango.

Jerin daga waje zuwa ciki shi ne: bulo, filasta mai laushi wadda ta bushe sarai, shingen laima, soso, sannan rufin ciki.

A bar sabuwar filasta ta yi aƙalla mako uku. Sannan a shafa kwaltar gini wadda ake sirkawa da ruwa, shafi biyu, na biyu a gicciye da na farko. Lallai mai ruwa, domin kwalta ko gam mai warin fetur yana narkar da farin soso nan take. In leda za a yi amfani da ita, a nemi mai kauri irin ta ƙarƙashin kankare, milimita 0.2 ko fiye, a ɗora gefe kan gefe santimita 15, a liƙe da tef mai ƙarfi, ta zagaye bango da ƙasa da sama ba yankewa, kamar an saka ɗakin cikin buhu ɗaya. Kusurwoyi su ne masu yagewa, a bar wa ledar sakin jiki a can.

Soson a yi shi hawa biyu na santimita 7.5, a goce mahaɗar hawa na biyu daga ta farko kamar yadda birkila ke goce bulo. A riƙe shi da gam ɗin da bai da fetur da kuma ƙusoshin roba masu faɗin kai, biyar ko shida a murabba'in mita, a ɗiga kwalta ko silikon a kowane rami kafin a buga. Ƙusar ƙarfe doguwa tana jawo zafi ta ratsa soson, kan ƙusar kuma ya riƙa gumi. Duk wata tsaga a cika ta da kumfar gwangwani.

Soso ba ya zama a buɗe. Yana kama wuta da sauri, hayaƙinsa guba ne, ɓera kuma na son sa. A rufe shi da allon siminti, ko a ja raga a yi filasta santimita 1.5 zuwa 2, ko a sa farantin alminiyam. Filawud da allon garin katako suna kumbura su yi fumfuna, ba su dace ba.

A ƙasa, bayan kankaren farko sai leda, wadda za ta hau bango santimita 20 ta haɗu da shingen bangon. A kanta a shimfiɗa soso mai tauri wanda ke jure nauyi, irin mai launin shuɗi ko ruwan hoda, santimita 5 zuwa 7.5. A sake rufa siririyar leda don ruwan siminti kada ya shiga mahaɗa, sannan a zuba kankare santimita 7.5 da ragar ƙarfe a tsakiya. A karkatar da daɓen santimita 1 a kowace mita zuwa magudana guda, magudanar kuma a yi mata gwiwa mai riƙe ruwa da raga a baki, in ba haka ba iska mai zafi da kyankyaso da ɓera ta nan za su shigo. Tayil mai kaushi ya fi, mai sheƙi yana da santsi in ya jiƙe.

Sama ta fi ko'ina zafi. Ƙarƙashin kwano da rana tsaka yakan haura digiri 55. A ƙara kaurin silin zuwa santimita 20 na farin soso ko 15 na fanel, shingen laima a samansa, a kuma bar sarari mai shan iska tsakaninsa da kwanon. In rufin kankare ne da rana ke duka, a shafa masa farin fenti ko a yi masa rumfa.

Ƙofa guda ɗaya, faɗin santimita 80 zuwa 90, a jikin gajeren bango, ba taga ko ɗaya. Ta kasance mai soso a ciki aƙalla santimita 7.5, da robar baki irin ta firij a duk gefe huɗu, tana buɗewa waje. Firam ɗin ƙarfe da ya ratsa daga waje zuwa ciki zai riƙa zubar da ruwa ya yi tsatsa. A yi na katako mai ƙwari da aka shafa wa maganin gara, ko na roba. A rataya labulen roba mai zara-zara daga ciki. Abu ɗaya kuma ba a sassauta shi: dole ƙofar ta buɗu daga ciki ko da an kulle ta daga waje. Gida ne mai yara, ɗaki ne da ba ya shan iska, kuma sautin mai kira ba ya fita ta bango mai kaurin nan. Mai walda ya yi sandar turawa daga ciki, a gwada ta kafin a biya shi.

Na'urar sanyi

Esi mai ƙarfin doki ɗaya an rubuta masa wajen wat 2,600 na sanyaya, amma an auna wannan ne a ɗaki mai digiri 27. In ɗakin ya sauka 12, waje kuma yana 40, kada ka sa ran fiye da rabin hakan. Rabin ya kai wat 1,300, ya rufe 750 ɗinmu da sarari. Mai shigo da sabon kaya da yawa kullum ya ɗauki doki ɗaya da rabi. Wuce haka illa ne: babbar na'ura tana sanyaya ɗakin cikin minti kaɗan ta tsaya, ta sake tashi, kwamfureso, wato injin da ke matsa gas ɗin sanyi, ya gaji da wuri, kuma ta tsotse laimar kayan.

Matsalar esin gida ita ce ba ya yarda ya sauka ƙasa da 16 ko 18. Akwai 'yar na'ura mai suna CoolBot, wadda wani manomi a jihar New York ta Amurka, Ron Khosla, ya ƙirƙira don wannan. Tana da ɗan abin ɗumamawa da ake naɗewa a jikin ma'aunin esin, sai esin ya ɗauka ɗakin da zafi ya ci gaba da aiki. Tana da ma'auni ɗaya na iskar ɗaki, da wani da ake cusawa cikin haƙarƙarin na'urar, wato siraran farantan ƙarfe da iska ke ratsawa ta yi sanyi, wanda ke sa a dakata da zarar ƙanƙara ta fara kamawa. Tana buƙatar esi mai nuna lamba, kuma ba kowane samfuri take jituwa da shi ba, musamman wasu masu inbata da ke da ma'aunai da yawa. A duba jerin da kamfanin ya fitar kafin a sayi esin.

Masu gyaran firij na gida sukan yi irin wannan da ƙaramin kwanturola kamar STC-1000. Yana yi, da sharaɗi uku. A saita tazarar digiri 2, ya tashi a 14 ya tsaya a 12. A saita jinkirin minti 3 kafin kwamfureso ya sake tashi. Sannan a ƙara ma'auni na biyu a haƙarƙarin, wanda zai yanke kwamfureso in wurin ya kai digiri 1 ya bar fanka tana juyawa. In aka bar na ukun nan, ƙanƙara za ta toshe haƙarƙarin, iska ta daina wucewa, ɗakin ya ɗumame alhali injin na ta ruri. Wanda zai yi sana'a da ɗakin gara ya sayi injin ɗakin sanyi na ainihi, mai faɗin haƙarƙari, wanda ba ya busar da kaya kamar esi.

A kafa ɓangaren esi na ciki a saman bangon da ke fuskantar ƙofa, ya hura ta tsakiyar hanya, da sararin santimita 15 a samansa. Na waje a inuwa, santimita 30 daga bango, sama da inda ruwan sama ke fantsama. Mai haɗawa ya zuƙe iskar bututu da famfon zuƙa kafin ya saki gas. Masu gaggawa sukan tsallake wannan, laimar da ta rage a bututun kuma ita ke kashe kwamfureso. Ramin da bututu da waya suka bi a toshe shi da kumfa da silikon ta fuska biyu. Bututun ruwan esi a naɗe shi da soso, a yi masa gwiwa, ya fita waje.

Wuta

Fitila LED guda mai murfin hana ruwa ta isa, makunninta a waje. Wayoyi su bi ta cikin bututun roba a fuskar bango, kada a tona soso a binne su. A sa abin yanke wuta mai jin yoyon milli'amfiya 30, domin ƙasan ɗakin a jiƙe take, a kuma sa sitabilaiza.

Bisa lissafin da ya gabata, ɗakin zai ci yunit 3 zuwa 6 a rana, gwargwadon lokaci da yawan sabon kaya. Mai son sola ya yi tanadin faranti na wat 1,500 zuwa 2,000, batir na kilowat-awa 5, da inbata mai kVA 3 saboda fizgar da kwamfureso ke yi in zai tashi. Dabara mai araha ta ɗaukewar wuta ita ce ruwa. Jarka goma masu lita 20, a cike a rufe a jere a ƙasan kanta, suna shanye kusan kilowat-awa 0.7 kafin su hau digiri 3. Wannan ya kai awa uku na zafin da ke ratso bango a tsakar rana, ban da sanyin da kayan kansu suka riƙe. In an ɗauke wuta, a bar ƙofa a rufe.

Kanta da laima

Kanta biyu, dama da hagu, kowace zurfin santimita 45, a janye ta santimita 10 daga bango, hanya ta rage santimita 90. Hawa na farko santimita 15 daga ƙasa in ba za a sa jarkoki ba, in za a sa a ɗaga shi sama da su. Tsakanin hawa da hawa santimita 40, hawa huɗu, a bar aƙalla santimita 40 tsakanin kaya da silin. Kiret mai santimita 60 da 40 huɗu ke shiga hawa ɗaya, kowane kilo 20 zuwa 25, don haka kowane hawa ya iya ɗaukar kilo 100. A yi ta da ƙarfen galbanaiz ko alminiyam, shimfiɗarta sanda-sanda don iska ta ratsa, ta tsaya da ƙafafunta ba tare da an huda bango ba. Kwandon kaba a bar shi a waje: yana soke tumatir, na sama yana danne na ƙasa, ba ya kuma wankuwa.

Esi yana cire ruwa daga iska, da hunturu kuma laimar waje kan faɗi ƙasa da kashi 20. In ba a mayar da laima ba, tattasai zai yanƙwane cikin kwana uku duk da sanyin. A sayi ma'aunin laima mai lamba. In ya nuna ƙasa da 80, a yayyafa ruwa a daɓe safe da yamma, a rataya jiƙaƙƙen buhun algarara a inda iskar esi ke bugawa, ganye kuma a sa shi a leda mai huji. In bai isa ba, a sa ƙaramar na'urar feshin tururi mai sanyi. Da damina akasin haka ne: in an ga ɗigon ruwa a silin ko a jikin kaya, a daina yayyafi.

Ayaba, mangwaro, gwanda da nunannen tumatir suna fitar da wata iska mai suna etilin wadda ke gaggauta nuna. Tana sa kokwamba rawaya, ta lalata cikin kankana, ta zubar da ganyen kabeji. A raba su, masu fitarwa a kanta ɗaya kusa da ƙofa, a kuma buɗe ƙofar minti biyar kowace asuba, lokacin da iskar waje ta fi sanyi.

Gwaji kafin a zuba kaya, da abin da kan lalace

Da dare mutum ɗaya ya shiga da tocila a rufe ƙofa, wani ya tsaya a waje cikin duhu. Duk inda haske ya fito, iska na shiga. A maƙale takarda a bakin ƙofa a rufe a ja, in ta zare ba turjiya robar ba ta kama ba, a gwada wurare shida ko takwas. A gwada ma'aunin zafi a kofin da aka cika da dakakkiyar ƙanƙara da ɗan ruwa, ya nuna sifili. Sannan a kunna ɗakin ba kaya na awa 48. Ɗaki mai kyau yakan kai 12 cikin awanni kaɗan, sai dai kankaren ƙasa ya ɗauki yini yana sakin zafinsa, daga nan injin ya riƙa hutawa fiye da yadda yake aiki. Don sanin sanyin da kaya ke ji, a tsoma ma'auni a kwalbar ruwa a ajiye a tsakiyar kanta, domin na iska yana tsalle duk lokacin da aka buɗe ƙofa.

In daga baya injin ya daina hutawa, a fara duba ragar tace ƙura da haƙarƙarin na waje. Da hunturu ƙura kan toshe su cikin mako biyu. Raga a wanke ta kowane mako, na waje kowane wata. In suna da tsabta, a duba robar ƙofa, sannan gas. Ƙanƙara a na ciki tana nufin raga ta toshe, ko gas ya ragu, ko ma'aunin haƙarƙari ya zame daga wurinsa. Gumi a wuri guda a bayan bango alama ce ta tsaga a soso ko ƙarfe da ya ratsa daidai nan. Baƙin tabo a fatar ayaba da ramuka a jikin kokwamba suna nuna sanyi ya yi yawa a inda suke, yawanci gaban bakin esi, sai a matsar da su.

Kaya a tsince su da sassafe ko a sayo su da wuri, a baza su a inuwa su huce, a ware duk mai rauni ko tsutsa kafin su shiga. Kada a cika ɗakin da kaya masu zafi rana ɗaya, a riƙa shigar da kilo 200 zuwa 250 a yini. A rubuta ranar shigowa a jikin kowane kiret, na farkon shiga ya fara fita. Abin da aka fito da shi da damina zai yi gumi nan da nan, don haka a fitar da na amfanin ranar kawai. Sau ɗaya a wata a kwashe komai, a wanke kanta da daɓe da kiret da sabulu, a bi da ruwan bilic, cokalin cin abinci huɗu a bokiti mai lita 10, a bar ƙofa a buɗe har warin ya fita kafin a mayar da kaya.